"Na Fasa": Gajera Ce Ko Doguwa?

Jama'a, ku gyara zama, don abin da zan ba ku yau ni kaina ban gama yarda ya faru ba. Wanda ya saba karanta ni ya san halina. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, to a gidanmu Jan Biro ake ce mini, saboda ba a yin kuskure a gabana in yi shiru. Ko takardar cefane Goggo ta rubuta sai na gyara mata wasali. Harshe da adabi na karanta a jami'a, kuma a kan karin waƙa na rubuta kundina, wato awon nan da ke sa baiti ya zauna daidai a kunne. Wannan ilimin ne ya kusa kashe mini aure tun ba a ɗaura ba.

Mutumin nawa Mai Gilashi ne. Haka Goggo ke kiransa, tana yatsina baki kamar ta tauna tsakuwa a shinkafa. Shago gare shi a bakin titi, yana yanka gilashin taga da na tebur da madubai. Shekara biyu muna tare. Mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya, amma yana da wata cuta guda: rubuta waƙa a bayan takardun awo.

Ranar da na kare kundina, ya rufe shago da rana tsaka, ya sa farar rigarsa mai aljihu biyu, ya same ni a harabar makaranta cikin 'yan ajinmu. Ya zaro takarda ya ce ya rubuta mini waƙa. Ya karanta, hannunsa na rawa, ƙawayena na tafi. Ni kuwa, Allah ya shirye ni, kai ya kumbura da yabon malamai, sai na ji bakina ya ce, "Karin ya karye a ɗango na uku. Ka riƙe gilashinka, ka bar mana waƙa."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ninke takardar gida huɗu, ya mayar aljihu, ya ce, "Na gode, Malama." Ya juya ya tafi.

Kwana ashirin da uku ke nan. Bai kira ba, ban kira ba. A kwana na biyar na canza sunansa a wayata zuwa Kar A Ɗaga, duk da babu wani kiran da ya shigo balle in ƙi ɗagawa. Kada ku yi mini dariya, na san a cikinku akwai wadda ta taɓa yin haka.

Goggo, ƙanwar Baba wadda ta riƙe mu tun rasuwar Mama, ta ga dama ta samu. Dama tana da ɗan wata ƙawarta mai aikin banki da take ta kawo zancensa ana kaucewa. Baba kuwa ba mai yi wa 'ya'ya dole ba ne, amma ba ya son zance a rataye. Ranar Alhamis ya kira ni falo, ya rage muryar talabijin, ya ce, "Jan Biro, kawun yaron nan zai zo Asabar da yamma ya ji inda aka kwana. Dattijo ne, ba zan sa shi zarya ba. Kafin ya zo ki gaya mini: akwai magana ko babu. Abin da kika ce shi zan faɗa masa, kuma in na faɗa ba na janyewa."

Na ce, "To, Baba." Na fito ban san me zan ce ba.

Asabar ɗin, wajen ƙarfe goma saura, ina guga a ɗakinmu. Fanka na ƙara, tulin wanki a kan kujera, wayata na caji a kan gado kusa da ƙanwata. Rediyo muke ce mata, kuma ba a banza ba: shekararta sha tara, ba ta taɓa riƙe labari ya kai minti biyar a cikinta ba. Wayar ta yi ƙara, ta riga ni leƙawa.

"Yaya! Kar A Ɗaga ya turo saƙo!"

Na ajiye dutsen guga a kan mayafina har sai da na ji ƙauri. Na fizge wayar. Ba sallama, ba gaisuwa, ba sunana. Layi shida ne kawai, ga su yadda ya rubuto su:

Madubin da kan ce da ni na isa,
Ya ce kar idona ya dubo kasa.
Ya kau min da fuskar da ke nan kusa,
Ganin tawa fuskar ya sa na rasa.
Da kaina na dauko shi har na dasa,
Abin nan da ke zuciya, na fasa.

Rediyo na karantawa ta kan kafaɗata. Tana kai ƙarshe ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku! Yaya, ya fasa! Ya fasa auren! Kuma kin ga har da zagi, kasa fa ya ce miki, macijiya!"

"Rufe min baki."

Ina! Tuni ta kai ƙofa. "Goggo! Goggo! Mai Gilashi ya fasa!"

Goggo ta shigo da ludayi a hannu, ɗankwali ya zame gefe. Ta karɓi wayar, ta nisanta ta daga ido don ba ta ɗauko tabarau ba. Layi biyar na sama ko kallo ba su ishe ta ba, na ƙarshen ta nema.

"Alhamdu lillahi! Ya hutar da mu. Ai gara da ya faɗa da kansa. Babanku na dawowa zan gaya masa, kada a bar dattijo ya sha wahalar zuwa."

"Goggo, don Allah ki bari in duba waƙar tukuna."

"Ki duba me? Mutum ya ce ya fasa, sai an kira mai fassara? Ke dai boko ya gama da ke." Ta miƙo mini wayar. "Ƙarfe biyu zai dawo daga dubiyar abokinsa. Kada in ga hawaye a gidan nan a kan mai yankan kwalba."

Ta fita. Na zauna a bakin gado. Gaskiya zan gaya muku, na ji zafi, zafin da ban taɓa jin irinsa ba. Ina son mutumin nan, kuma sai a lokacin na san yawan son. Amma ban yi kuka ba, don wani abu ya riga kukan zuwa. Kunnena ne ya ƙi yarda. Na sake karanta waƙar a zuci, sai na ji tana tafiya sumul, ba tuntuɓe ko ɗaya. Wannan fa mutumin da ɗangonsa ke ɗingishi ne. Yaushe ya koyi tafiya haka?

Na jawo takarda da biro, ja mana, wane kuma gare ni. Rediyo ta dawo tana raɓe-raɓe, ta zauna a ƙasa ta rungume matashi.

"Yaya, an rabu da ke kina aikin makaranta?"

"Zo nan ki yi amfani yau ɗaya. Ce mini 'na fasa ƙwai'."

"Na fasa ƙwai."

"Yanzu ce 'na fasa tafiya'."

"Na faasa tafi..." Ta tsaya, ta zaro ido. Ta sake faɗa a hankali. "Fasa. Faasa. Kai! Ba ɗaya ba ne!"

"A baki ba ɗaya ba ne. A rubutu ɗaya ne. Ta ƙwai gajera ce, ta tafiya doguwa. In doguwa ya rubuta, ya janye, magana ta mutu. In gajera ce, wani abu ya farfasa a zuciyarsa, kuma ba lallai ni ba ce."

"To ta yaya za ki sani, tunda ba murya ya turo ba?"

"Waƙa ce. Waƙa ba ta ɓoye tsawon gaɓa, kari zai tona."

Na fara da layin farko. Na raba shi gaɓa-gaɓa, ina buga yatsa a kan teburin guga: ma-duu-bin, da-kan-cee, da-nii-naa, i-sa. Gajera ɗaya, dogaye biyu. Gajera ɗaya, dogaye biyu. Sau uku haka, sannan a rufe da gajera da wata gaɓa guda. Ta-tan-tan, ta-tan-tan, ta-tan-tan, ta-tan. Mutaƙarab muke ce wa wannan karin, kuma tsohon kari ne mai tafiyar natsuwa, ba na hayaniya ba. Na tsallake na biyu mai zagin nan, na yi layi na uku: ya-kau-min, da-fus-kar, da-kee-nan, ku-sa. Daidai. Na huɗu, daidai. Na biyar, daidai. Gaɓa goma sha ɗaya a kowanne, kamar an yanka su da abin awo.

Sai na zo na ƙarshe: a-bin-nan, da-kee-zuu, ci-yaa-naa. Saura gurbi biyu, kuma na farkon gurbin gajera ne. In na sa faa, ɗangon ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa. In na sa fa, ya shige lafiya.

"Gajera ce!" na ce. "Kari ya ce gajera ce!"

Rediyo ta yi tsalle, sai kuma ta koma ta zauna tana kallona ta gefen ido. Yarinyar nan akwai baki, amma wani lokacin bakin kan faɗi gaskiya.

"Yaya, kada ki ji haushi. Ba ke kika ce bai iya kari ba? A gaban mutane ma kika faɗa. In bai iya ba, ai zai iya jefa doguwa inda gajera take, bai ma san ya yi ba."

Kun ga inda ta ɗaure ni? In na tsaya a kan maganata ta ranar nan, cewa bai iya waƙa ba, to hujjata ta rushe, ya fasa aure ke nan. In kuwa ina son hujjar ta tsaya, sai na yarda cewa mai yankan gilashi ya rubuta ɗango shida da ni mai kundi ba zan iya sa musu jan biro ba.

"Bari mu duba amsa-amo," na ce, don in kauce wa idonta.

Amsa-amo shi ne sautin da layuka ke ƙarewa da shi. Nasa sa ne, wannan ko yaro ya gani. Amma na jera kalmomin a gefen takarda: isa, kasa, kusa, rasa, dasa, fasa. Na ce wa Rediyo ta karanta su da ƙarfi.

"Isa. Kaasa. Kusa. Rasa. Dasa." Ta ɗago. "Duk gajeru ne, ban da macijiyar. Kin gani ko? Ya karya a nan. Tunda ya sa doguwa a layi na biyu, zai iya sawa a na shida."

Na zuba wa kalmar ido. Kar idona ya dubo kasa. Me ya kawo macijiya cikin zancen madubi? Na sauko layi na biyar, sai idona ya tsaya a kan dauko. Ba ɗauko ba, dauko. Na yi sauri na koma tsofaffin saƙonninsa, na wuce kwana ashirin da ukun da babu komai, na shiga na baya. Ina kofar gida. Kaunarki ta hana ni aiki. Dan jira ni kadan. Sau nawa na yi masa tsiya a kan wannan? Wayarsa ba ta da haruffa masu lanƙwasa, shi kuma ya ce ba zai canza waya don ƙugiya ba.

"Ƙasa ce, sakarya! Kar idona ya dubo ƙasa! Madubin ne ya hana shi sunkuyar da kai!"

"Au! To ba ke ce macijiyar ba."

"Ke ce dai."

Shida cikin shida ke nan, ko in ce biyar suna nuna ta shida da yatsa. Kuma abin da ya ƙara ɗaure mini kai, waƙar nan zancen rabuwa take, kalmar nesa na nan a kusa, tana ƙarewa da sa, kowane sabon marubuci ita zai fara cafka. Ga wasa, ga nisa. Bai taɓa ko ɗaya ba, don duk dogaye ne. Wanda bai san abin da yake yi ba ba zai kauce musu duka bisa sa'a ba.

Saura yanayin waƙar. Malaminmu kan ce kari da amsa-amo ƙashi ne, sai ka ji numfashin waƙa kafin ka ce ka san ta. Fushi ne wannan, ko ban-kwana, ko nadama? Na nemi ke ko ki ko kin, irin na nuna yatsa, ban samu ko ɗaya ba. Mai fushi ba ya layi shida bai ce "kin yi" ba. Duk laifin a kansa ya ɗora: idona, tawa fuskar, da kaina. Madubin da ke ce masa ya isa, ai girman kai ne, shi ya kau masa da fuskar da ke kusa. Wannan muryar mai nadama ce.

Sai dai layi na biyar ya ƙi ba ni hannu gaba ɗaya. Da kaina na ɗauko shi har na dasa. Ana dasa girman kai a zuciya, haka ne. Amma ana dasa so ma. Abin nan da ke zuciya, wanne daga ciki? Ya bar ƙofa biyu a buɗe, kuma jikina ya ba ni da gangan ya bari.

Na sake karanta layin farko, sai kunya ta rufe ni. Madubin da kan ce da ni na isa. Shi ya rubuta a kan kansa, amma wa aka yi wa dariya a harabar makaranta, wa kuma ya sa aka yi? Mutumin da na wulaƙanta ne ke neman afuwar girman kai, ni mai laifin ina zaune ina ba shi maki.

Agogo ya nuna sha biyu da rabi. Na rubuta masa, "Gajera ce ko doguwa?" Na goge. Na rubuta, "Na ga saƙo." Na goge. Rediyo ta ce, "Ki kira shi mana, Yaya, bakinki zai faɗi ne?" Na danna lambar, na kashe kafin ta shiga. Abin da aka ɓata a gaban mutane ba a waya za a gyara shi ba.

Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, wadda ya taɓa cewa tana sa ni kama da shugabar makaranta. Mayafin da zai shiga da ita shi na ƙona, don haka na yafa na Rediyo, ruwan hoda, bai dace ba ko kaɗan. Ban shafa komai a fuska ba. Na ninke takardar da na yi awon a kai na sa a jaka.

"Ki tsare min Goggo," na ce. "Kada ta yi wa Baba magana sai na dawo."

"Ni? In tsare labari?"

"Yau ɗaya, don girman Allah."

Tasi ta sauke ni a bakin shagon ƙarfe ɗaya da kwata. Yana ciki shi kaɗai, ya duƙa a kan babban teburin nan mai shimfiɗar bargo, ya ɗora doguwar rula a kan gilashi yana jan abin yanka, ƙiiii. Ya sa yatsu biyu ya ɓalle gefen, ƙas. Madubai jingine a bango ta ko'ina, manya da ƙanana, duk inda na juya ni nake gani da mayafin aro. Ya rame. Akwai filasta a babban yatsansa.

Na yi sallama. Ya amsa bai ɗago ba, sai da ya jingine gilashin a hankali.

"Malama. Taga ce ta fashe ko madubi ake so?"

"Tambaya na zo yi."

"Bismilla."

"Kalmar ƙarshe. Karanta min ita da bakinka."

Ya goge hannu da tsumma, ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. "Ni da aka ce in riƙe gilashina? Ke ce mai kundi. Me awo ya ba ki?"

Kafin in amsa, idona ya faɗa kan wasu guntayen madubi da aka jera a bayan teburin, irin ragowar da yake zubarwa. Duk an cika su da rubutu da baƙin alƙalamin da yake zana awo da shi. Alamar gajera, alamar doguwa, layi bayan layi, wasu an soke, wasu an zagaye. Na ga neesa an rubuta an ja mata layi biyu. A kan kujerarsa kuma ga littafina mai koren bango, na darasin kari, wanda na yi wata biyu ina zargin Rediyo da ɓatar da shi. Ya yi baƙi da yatsu, an cusa takardun awo a tsakanin shafuka.

"A nan kika manta shi," ya ce. "Kwana uku na farko fushi nake. A na huɗu na ce bari in ga abin da ya karye a ɗango na ukun nan. Na duba, na ƙirga." Ya sosa ƙeya. "Da gaskiyarki, ya karye. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan."

Dariya ta so ƙwace mini, hawaye suka riga ta. Na zaro takardata na shimfiɗa a kan bargon, gefen gilashin. Jan biro ko'ina, amma ba gyara ko ɗaya, alamun awo ne kawai.

"Gaɓa sittin da shida," na ce. "Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman inda ka yi tuntuɓe. Babu. Kari ya ce gajera, amsa-amo ya ce gajera. Amma layi na biyar ka bar shi da fuska biyu, kuma da gangan ka yi."

"Da gangan."

"Don me?"

Ya ɗauki takardar, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dube ni sosai, karo na farko tun shigowata.

"Na san duk wanda ya karanta a gidanku doguwa zai gani. Ke kaɗai za ki iya ganin ɗayar, kuma ba za ki gan ta ba sai kin zauna kin ƙirga waƙata kamar waƙar mutum. In kin ƙirga kin zo, gajera ce, girman kaina na fasa. Da ba ki zo ba..." Ya ajiye takardar. "Da doguwa ce. Na gaya wa Kawu ya jira wayata kafin ya fita."

Jama'a, na ji maganar nan har tafin ƙafata. Ashe tun safe ba waƙarsa kaɗai ake aunawa ba.

Akwai kalmomin da ban taɓa furtawa ba tun da na yi wayo, ko Goggo ba ta taɓa samun su daga bakina ba. Na sunkuyar da kai, na ce, "Na yi kuskure. Ba a karin ba, karin ya karye. Amma ka rufe shago ka zo da waƙa, ni kuma na sa aka yi maka dariya. Ka yafe mini."

"Ko a neman gafara sai kin tabbatar karin ya karye," ya ce, yanzu dariyar ta kai ido.

Wayata ta ɗauki ƙara a jaka. Baba. Ƙarfe biyu saura minti goma. Ga saƙon Rediyo a sama, ya shigo ban ji ba: Yaya ki yafe ni Baba ya dawo da wuri Goggo ta fada masa kuma ni na fara.

Na ɗaga.

"Jan Biro, kina ina?"

"Ina shagonsa, Baba."

Ina jin muryar Goggo daga nesa tana cewa, "Ka ji ko? Ta bi shi har shago, mutumin da ya ce ya fasa!"

"Goggonki ta ce yaron ya fasa," Baba ya ce. "Lambar kawunsa na hannuna, kiransa zan yi in ce ya yi zamansa. Na ce bari in ji daga bakinki. Ya fasa ko bai fasa ba?"

"Ya fasa, Baba, amma irin ta ƙwai, ba irin ta tafiya ba. Girman kai ya fasa. Kuma tun farko laifina ne, ni na yi kuskure, na ba shi haƙuri."

Sai na ji muryar Baba ta sauya.

"Sake faɗin na ƙarshen nan."

"Na yi kuskure, Baba."

"Ikon Allah. Shekara ashirin da huɗu ina jiran wannan." Na ji ya gyara zama, kujerar falo ta yi ƙara. "Amma ni ban yi karatun awon waƙa ba, Goggonki ma haka, kuma ta rantse abin da ta gani ta gani. Ba ni yaron."

Na miƙa masa wayar. Ya goge hannunsa a riga sau biyu kafin ya karɓa, ya rusuna kamar Baba na gabansa. Shagon shiru, ina jin komai.

"Ɗana," in ji Baba, "na buɗe muryar wayar, Goggonsu na zaune kusa da ni. Karanto mana waƙar nan tun daga farko, a hankali. In ka zo kalmar ƙarshe, yadda ka faɗe ta haka zan gaya wa kawunka."

Mutumin da na ce ya bar mana waƙa ya miƙe tsaye a tsakiyar madubansa, ya miƙo mini hannu in ba shi takardar da na cika da jan biro. Na ba shi. Wannan karon hannunsa bai yi rawa ba, nawa ne ke yi. Ya gyara murya ya fara, ni kuma na sa yatsa a bakin tebur ina ƙirgawa.